Injin da Na Kashe da Hannuna

Kwana huɗu ke nan injin kwaɓa fulawar yana zaune a kusurwar kicin ɗinmu ba rai, an lulluɓe shi da tsohon zani. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga zanin ya leƙa, ya girgiza kai ya mayar. Ni ma ina ɗagawa ina girgiza kai, har na fi kowa iya girgizawa. Alhali ni na kashe shi.

Bari in faɗi yadda aka yi, kada a yanke min hukunci ba a ji ta bakina ba.

Tun da Baba ya rasu, da hannun Umma muke ci. Kek take yi da ƙananan biredi a kicin ɗin gida, masu shagunan layinmu suna karɓa kullum da safe. Shekara tara tana murza ƙullu a cikin babbar roba, har gaɓoɓin yatsunta suka kumbura suka karkace. Ina taya ta, amma ƙulluna bai taɓa yin laushin nata ba, masu shago kuwa da sun gutsura suke ganewa. Likita ya ce ta daina kwaɓi. Ta ce masa to, ta dawo gida ta jawo robarta.

Wanda nake so mai gyaran kayan wuta ne, rumfarsa na bakin titi. Injiniya ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Shekara uku muna tare. Da ya ga hannun Umma, sai ya haɗa mata injin kwaɓi da tarkacen wani mataccen injin wanki. In aka kunna shi ƙara yake har maƙwabta su leƙo, yana rawa yana tafiya a kan siminti sai na take shi da ƙafa. Ya yi aiki kwana uku ya huta biyu. Ni kuwa son lalacewarsa nake, don duk ranar da ya tsaya ranar zuwan Injiniya ce.

Ana haka Manaja ya shigo rayuwarmu. Shi ke kula da wani babban kantin kayan kicin, ya gan ni ranar da na kai wa ma'aikatansa kek. Bai yi min doguwar magana ba. Bayan mako guda mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke kwali, aka ce saƙo ne na Umma. Inji ne fari sol, mai kwanon ƙarfe, ana kunna shi ko mai barci ba ya tashi. Bayan injin sai maganarsa ta biyo, ta hannun Yayana, cewa aurena yake nema.

Ba wanda ya ce min dole. Kalmar ce kawai ba a furta ba.

Ni kuwa na kafa naci a kan injin. Na ce irin waɗannan kayan masu tsada fenti ake saya da suna, cikinsu fanko ne. Na ce mai girki a gida me za ta yi da injin da kuɗinsa ya kai na babur, mu ba masu gidan biredi ba. Na ce ina ba shi wata biyu ya mutu. Na faɗa da safe, na faɗa da rana, har Yaya ya gaji.

"Auta, kin cika mana kunne," ya ce. "Ga magana ɗaya. In injin nan ya lalace don kansa kafin wata uku, ni zan ɗauke shi a kaina in mayar wa mutumin, in ba shi haƙuri. In kuwa ya cika wata uku lafiya, ki rufe mana baki ki ba shi amsa ta mutunci. Kin yarda?"

Na ce na yarda, don na tabbata zai mutu.

Ya ƙi mutuwa. Na tara masa ƙullun da ya fi ƙarfinsa, ya juye shi tas. Na bar shi yana aiki tun safe har azahar, ko ɗumi bai yi ba. Kumburin hannun Umma ya fara sacewa, har ta koma iya ɓalle maɓallin rigarta da kanta. Saura kwana goma wata uku su cika, ranar da Yaya ya kai Umma asibiti ganin likita, na dama gishiri cokali uku a kofin ruwa, na tsiyaya shi ta ramukan iskar da ke bayan injin. Na goge jikinsa tsaf, na wanke kofin.

Washegari da safe Umma ta kunna shi. Ya yi ɗan tari, wari ya tashi, ya yi shiru.

*

Yau kwana huɗu, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da hantsi ta baje a kan kujerar kicin. Ita dama tun farko 'yar gaban goshin Manaja ce, ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

"Baki ne," ta ce tana tafa hannu. "Yarinyar nan ce ta yi ta yi masa baki har ya kama shi. Ke ko kunya ba kya ji? Dubi hannun uwarki."

Ban so dubawa ba, amma na duba. Umma na durƙushe gaban roba, ta koma kwaɓin hannu, saboda injin Injiniya ma yana cikin kwanakin hutunsa. Yatsun sun sake yin suntum. In ta danna ƙullun sai ta cije leɓe, ta ɗauka ba wanda ya gani.

"Kawo in ƙarasa, Umma."

"Bar shi, naki ba ya tashi."

Yaya ya shigo yana mayar da waya aljihu. "Na kira mai gyara. Ba na kantin Manaja ba, kada a ce sun rufa wa kayansu asiri. Injiniyan naki na kira, Auta. Shi dai ba zai yabi kayan abokin takararsa a banza ba. In ya buɗe ya ce injin ne ba shi da kirki, yau ɗin nan zan mayar."

Daɗi ya kama ni har sai da na juya baya don kada a ga fuskata. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Kalma ɗaya zai faɗa, kalmar da ba wanda ya isa ya ƙaryata a gidan nan, tunda ba wanda ya san cikin inji sai shi.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida Umma da Gwaggo. Gwaggo ta amsa da ƙyar tana kallon baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa. Umma ta miƙa masa ruwa. Na ga idonsa ya tsaya a kan kofin, yadda yake rawa a hannunta har ruwan ya ɗan zube. Ya yi sauri ya karɓa da hannu biyu.

Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya kwantar da injin a kai. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba, haka yake in yana aiki. Ya kwance kusoshin baya ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin gwangwani. Da marfin ya buɗe sai ya daɗe yana kallon cikin.

"Ikon Allah," ya ce a hankali, da kansa yake magana. "Dubi naɗin waya. Dubi boris ɗin da yake juyawa a kai."

Na san wannan muryar. Ita ce muryar da yake yi in ya ga aikin da ya burge shi.

Sai ya kai ɗan yatsa ya shafo wani farin abu da ya daskare a gefen wayoyin. Ya murza shi. Ya kai bakin harshensa ya ɗanɗana. A lokacin ne ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun shigowarsa. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma na sha jinin jikina.

Ya ɗauki tsumma ya goge farin abin tas kafin Yaya ya sunkuyo.

"Yaya dai, Injiniya?" in ji Yaya. "Faɗa mana tsakaninka da Allah. Injin ne na banza?"

Na kafe shi da ido. Da ido ana durƙusawa, da na durƙusa masa a wurin.

Ya sunkuyar da kai. "Injin ba shi da laifi, Yaya. Ruwa ne ya shiga ta baya, ƙila wajen wanke-wanke. Fiyus ne ya yanke, da wani ɗan abu guda, ina da irinsu a jaka."

"To kuɗin da ake zuba wa irinsa fa? Ya cancanta, ko fenti ne kamar yadda wasu ke faɗa?"

"Ga wadda take kek sau ɗaya a wata, asarar kuɗi ne, hannunta da muciya sun ishe ta. Amma ga mai kwaɓi kullum irin Umma…" Ya dubi injin. "In aka kiyaye shi zai yi shekara ashirin. Ban taɓa buɗe kamarsa ba."

Gwaggo ta kwashe da dariya har da buga cinya. "Kun ji ko! Daga bakin mai ita. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ashe kana da gaskiya."

Ni kuwa kicin ɗin ya yi min duhu, na dafa bango.

Cikin rabin awa ya busar da cikin, ya canza abin da zai canza, ya mayar da kusoshi. Ya saka a soket. Injin ya tashi lafiya lau, yana juya kwanonsa a natse, sai ka ce ba shi na shayar da ruwan gishiri ba.

Da ya tattara kayansa sai ya dubi ɗaya kusurwar, inda nasa injin yake jingine da bokiti.

"Umma, ina roƙon alfarma. Wancan nawa, zan tafi da shi."

"Gyara za ka yi masa?"

"A'a. Ba na so ki ƙara taɓa shi."

*

Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure tsohon injin a bayan babur da igiyar roba. Ban damu da masu wucewa ba.

"Kalma ɗaya," na ce. "Kalma ɗaya ce kawai, Injiniya. Ka ce na banza ne. Wa zai gane? Wa ya san boris a gidanmu?"

Bai juyo ba. "Cokali nawa kika zuba?"

Na kau da kai.

"Na tambaye ki, Auta."

"Uku."

"Wa ya kunna shi bayan kin zuba?"

"Umma."

Sai ya saki igiyar ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Shekara uku ban taɓa ganinsa haka ba.

"Umma, da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, a kan siminti. Kin san abin da ruwan gishiri ke yi da wuta? Injin nan yana da abin da ke yanke wuta da kansa in ya ji ruwa, shi ya sa ya mutu shi kaɗai. Wannan tsadar da kike zagi, ita ce. Da nawa kika zuba wa," ya bugi tsohon injin da tafin hannu, "da yau kwana huɗu ana zaman makoki a gidan nan."

Na zauna a kan dakalin ƙofa, kuka ya ƙwace min. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Injin kawai nake gani, da kwanakin da suka rage, da fuskar Injiniya. Ban ga hannun da zai kai ga makunnin ba.

"Don kai na yi," na ce cikin kuka. "Don mu."

"Na sani. Shi ya sa na goge."

"To me ya sa ba ka ƙarasa ba? Ka rufa min asiri, ka kuma kashe ni da bakinka a zama ɗaya."

Ya tsuguna a gabana, nesa kaɗan, ya haɗa hannuwansa masu baƙin mai.

"Auta, tun ɗazu da Yaya ya kira ni na shirya ƙaryar. Har maimaita ta na yi a hanya. Na ce zan ce naɗin wayar na bogi ne. Sai Umma ta miƙo min ruwa. Kin ga yadda kofin yake yi? In na faɗi ƙaryar nan, yau za a mayar da injin, gobe ta koma roba, jibi ta koma nawa da ke jan mutum in an yi ruwan sama. Da wane ido zan riƙa shigowa ina gaishe ta?"

"Sai mu saya mata irinsa. Mu biyu. A hankali."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Na je na tambayi kuɗinsa tun ranar da aka kawo shi. In na daina ci na daina sha, sai nan da shekara biyu. Likita wata nawa ya ba hannun?"

Wata shida likitan ya ce, in ba ta daina ba yatsun za su sandare.

"To mu riƙe injin mu ƙi mutumin!"

"Kin san Umma. Ba za ta ci da kayan wanda aka ce wa a'a ba, ko da hannun zai guntule."

Na sani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, duk abin da ya faɗa na riga na sani.

"Wato ka haƙura da ni," na ce. "Ka sa ni a sikeli da injin kwaɓa fulawa, injin ya rinjaya."

"Kada ki faɗi haka." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ban haƙura ba, ba kuma zan haƙura ba. In kika shiga kika ce ni kike so, gobe da safe ina ƙofar nan, in Yaya zai kore ni sau goma zan dawo. Amma ba zan same ki da ƙarya a kan hannun mahaifiyarki ba. Zaɓin naki ne, da idonki a buɗe. Iyakar abin da na iya ke nan."

"Ka bar min wannan ɗin mana," na ce ina nuna tsohon injin. "Ko ba a kunna ba. In ka tafi da shi, me zai ƙara kawo ka?"

Ya dubi injin, ya dube ni. Ya ƙara ɗaure igiyar tamau.

"In na bar shi, ranar da aka mayar da wancan za ta kunna shi."

Ya hau babur. Sau uku yana bugawa kafin ya tashi. Na bi shi da kallo, injinmu na karkace a bayansa yana girgiza, har ya sha kwana.

*

Da na koma ciki Gwaggo ta fita alwala, Yaya yana tsakar gida da waya a kunne. Umma kaɗai ce a kicin. Ta kashe injin, ta zare wayarsa daga soket ta naɗe. Robar ƙullun na gabanta.

"Zo ki zauna," ta ce.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, ina ɓoye fuskata.

"Shekara tara ina auna gishiri da ido, Auta. Ranar da na dawo daga asibiti na ga gwangwanin ya yi ƙasa."

Na ɗago a firgice. "Umma, kin sani? Kin sani kika kunna?"

"Na ɗauka miya kika ɓata kike ɓoyewa. Sai da ya yi wari na gane." Ta gyara zama. "Ban faɗa wa Yayanki ba, ba kuma zan faɗa ba. Yarinyar da ta iya yin wannan, ba ƙaramin so take yi ba. Yaron kuma na gan shi yau, ɗan halak ne. Ni ban haife ki don in musanya ki da ƙarfe ba. In kin ce a mayar, a mayar. Da hannun nan na raine ku, bai gaza ba tukuna."

Ta jawo robar. Ta dunƙule hannu za ta danna ƙullun, yatsun suka ƙi dunƙuluwa. Ta sa ɗaya hannun ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, tana kawar da kai don kada in ga fuskarta. Ta danna. Wani ɗan sauti ya kuɓuce mata ta cikin haƙora, ta yi maza ta mayar da shi tari.

Da zagina ta yi, da dukana ta yi, da na samu abin riƙewa. Wannan kuwa ba ni da inda zan sa shi.

Yaya ya leƙo, ya toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Manaja ne. Ya ji labarin injin, yana tambaya ko ya aiko da wani. Na ce an gyara. Ya ce in ba damuwa yana so ya ji amsarsa daga bakinki." Ya miƙo min wayar. "Ba na matsa miki, Auta. Abin da kika ga dama."

"Faɗi abin da ke ranki," in ji Umma, ba ta ɗago ba. Ta sake danna ƙullun.

Na dubi wayar. Na dubi kusurwar da tsohon injin yake zama, ba abin da ya rage sai zanen da ƙafafunsa suka yi a siminti wajen rawa.

Na tashi. Na zare hannun Umma daga cikin robar a hankali, na ɗauki ƙullun na juye a kwanon ƙarfen. Na warware wayar da ta naɗe, na saka a soket, na danna makunnin.

Injin ya fara juyawa, shiru, ba ko ƙarar da za ta rufe min kukana.

Na goge hannuna a zani, na karɓi wayar.